Baƙar kazar ruwa ta bakin Bahar Azrak: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa noman jarfi, wato noman gaɓar kogi bayan ambaliya ta janye, ko ya yi su a Bahar Azrak (Shuɗin Nilu) tsakanin Sinnar da Damazin a Sudan ya san ta, ko da bai taɓa tsayawa ya ƙare mata kallo ba. Wata 'yar baƙar tsuntsuwa ce mai jajayen ƙafafu da ke fitowa daga cikin kacalla, ta yi ta tsince-tsince a kan laka tana kaɗa guntuwar wutsiyarta, da ta ji motsi sai ta faɗa ciyawa a guje. Manoma na zarginta da ɓarna, yara na bin ta da danƙo, masunta kuwa sun fi kowa saninta amma ba su cika kula ta ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta a garuruwanmu na bakin kogi.

Wace tsuntsuwa ce ake nufi takamaimai?

Ƙarama ce. Tsawonta daga baki zuwa wutsiya santimita 19 zuwa 23, nauyinta kuma wajen giram 100. Jikinta baƙi ne wuluk, sai dai in kana riƙe da ita a hannu za ka ga ɗan ruwan ƙasa-ƙasa a baya da fukafukai. Bakinta rawaya ne mai sirkin kore, idonta ja, ƙafafunta ja da dogayen yatsu. Jan ƙafar yakan ƙara haske lokacin haihuwa, ya dushe bayan nan. Namiji da mace kamarsu ɗaya, illa dai namijin ya ɗan fi girma.

Masana suna kiranta Zapornia flavirostra, tsofaffin littattafai kuma za ka tarar sun rubuta Amaurornis flavirostra, duk ita ce. Wani Bature ɗan Ingila, William Swainson, shi ya fara rubuta bayaninta a 1837, daga wadda aka samo a Senegal. Tana nan kusan ko'ina a Afirka kudu da Sahara in dai akwai ruwan daɗi mai ciyawa, har kan tsaunukan Habasha. Wanda ya san ta a fadamun Haɗeja ko bakin Tafkin Chadi, ita ce dai wannan ta garin Mai Wurno da ke bakin Bahar Azrak.

Kaza ce ko agwagwa?

Ba ko ɗaya. Danginta daban ne, masana na ce musu Rallidae, kuma sun kai kusan nau'i 150 a duniya. Sun fi kusa da gauraka a jini bisa kaza ko zabo. Dubi ƙafarta: babu fatar nan da ke haɗe yatsun agwagwa. Yatsun dogaye ne, a warwatse, don su raba nauyinta a kan laka da ganyen bado. Tana iya iyo in ta kama, har nutso takan yi in an matsa mata, amma tafiya da gudu su ne sana'arta. Jikinta kuma a matse yake ta gefe da gefe, shi ya sa take ratsa tsakanin karan kacalla ba tare da ka ga ciyawa ta motsa ba.

Ni na ga kajin ruwa iri-iri. Yaya zan bambance su?

Gaskiyarka, malam. Mu duk kazar ruwa muke ce musu, alhali a tur'a ɗaya, wato magudanar ruwan noman rani, ana iya samun iri uku ko huɗu. Baki da goshi za ka fara duba, sannan girma.

Baƙar, wadda muke magana a kai, ba ta da komai a goshi, ba ta kuma da fari ko ɗigo a jiki. In ka ga fari a jikin babba, ba ita ba ce.

Akwai wadda ta fi ta girma sosai, santimita 30 zuwa 38, mai jan tambari a goshi, bakinta ja da rawaya a tsini, da farin layi a haƙarƙari da fari ƙarƙashin wutsiya. Ƙafafunta kore-kore ne. Ita ce Gallinula chloropus, kuma ta fi son yin iyo a fili tana gyaɗa kai. Tana da wata 'yar ƙanwa da ke zuwa da damina, mai kama da ita, sai dai ƙarama ce kuma rawaya ya fi yawa a bakinta.

Sai babbar cikinsu, mai shuɗin jiki da koren baya, katon jan baki da jan goshi, tana wuce santimita 40. Larabawa na ce mata kazar sarki. Ita ce za ka ga ta tumɓuke karan ciyawa, ta riƙe da ƙafa ɗaya, ta kai baki tana ɓantara. Ita ma tana da ƙaramar 'yar'uwa mai shuɗin jiki, jan baki da jajayen ƙafafu, amma goshinta shuɗi ne mai haske. Sunanta a wurin masana Porphyrio alleni, an sa mata sunan William Allen, wani hafsan jirgin ruwan Ingila da ya shiga Kogin Kwara a 1841. Wannan ƙaramar matafiyiya ce ta gaske, tana bin ruwan sama a cikin Afirka, jefi-jefi ma iska kan kwashe ta har Turai.

Wadda ta fi rikita mutane ba ma danginsu ba ce: mai jan-ƙasan jiki, farin wuya, shuɗin goshi da yatsu masu tsawon ban mamaki, wadda ke taku a kan ganyen bado a tsakiyar ruwa. Zama wuri ɗaya ne kawai ya haɗa su. A wurinta ma namiji ne ke kwanci da reno.

A ina ake samunta a Sudan?

A inda ruwan daɗi ya daɗe kwance har ciyawa ta kafu a bakinsa. A Bahar Azrak, wato daga Rusairis zuwa Singa, Mai Wurno da Sinnar, sai ka neme ta a lungunan da ruwa ba ya gudu da ƙarfi, da kwarurrukan dazukan bagaruwa da ambaliya ke cikawa. A Bahar Abyad (Farin Nilu) wurin ya fi yi mata daɗi, don madatsar Jabal Auliya da aka gama a 1937 tana riƙe ruwa ya koma baya har wajen Kosti, gaɓar ta yi faɗi, ciyawa ta yi yawa. A gandun dajin Dindir, wanda aka kafa a 1935, tana zama a mayoyi, tafkunan nan da ke riƙe ruwa bayan kogin ya ƙafe da rani. Iya kudun da ka yi, iya yawanta. Fadamar Sudd da ke Sudan ta Kudu gidanta ne sosai. In ka yi arewa da Khartum kuwa, inda hamada ta matse kogi, sai ta yi wuyar gani.

Ba lallai sai babban ruwa ba. Hafiri, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, mai kacalla a gefe, ko tur'ar da aka daɗe ba a yashe ba, sun ishe ta. Abin da ba ta so shi ne gaɓa tsirara, ko ruwa ya kai teku yawa.

Wane ne ke wannan gurnanin a cikin kacalla da sassafe?

Sau da yawa ita ce, kuma ba ita kaɗai ba. Mata da miji ne ke yi tare: ɗaya ya saki wata ƙara mai kaushi, kurrr-karrr, ɗayan ya amsa da guɗa mai taushi irin ta kurciya, su haɗa su yi ta maimaitawa. Wani lokaci 'ya'yan ma kan sa baki. Da wannan suke shaida wa maƙwabta cewa wurin yana da masu shi. Mutane da yawa sun sha jin kukan suna ɗauka kwaɗi ne. In ta tsorata kuma, wata gajeriyar ƙara take yi, cik, cik, tana ɗaga wutsiya.

Me take ci?

Kusan duk abin da bakinta zai iya ɗauka. Tana, ƙwari da tsutsotsinsu, ƙananan dodon koɗi, ƙaguwa ƙanana, 'ya'yan kwaɗi, ƙananan kifaye, da 'ya'yan ciyawar ruwa. Takan juya ganyen bado ko kainuwa da baki ta tsince abin da ke maƙale a ƙasa. Ba ta da tsantseni: in ta sami mushen kifi ko ƙaguwa za ta ci, in kuma ta tarar da sheƙar wani tsuntsu ba mai gadi, za ta fasa ƙwan ta shanye. Masunta sun san ta da zuwa inda ake gyaran kifi bayan an watse.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne hawa bayan dorina da gadu. Gaskiya ne, an sha ganinta tana yawo a bayansu tana cire kaska da sauran ƙwari. Dorina dai ta yi ƙaranci a Bahar Azrak yanzu, amma gadu na nan da yawa a Dindir.

Tana yi mini ɓarna a jarfi da hawasha (gonar noman rani). Ko ba ita ba ce?

A nan ne nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. Manomi ya zo da safe ya tarar an yi masa ta'adi, ya waiga, ita ce kaɗai tsaye a bakin ruwa, sai ya ce ita ce. Amma a duba yadda ɓarnar take.

In zangarniyar dawa ce aka tsiyaye tun tana tsaye, aikin jan-baki ne da gwara, masu zuwa dubbai su sauka a kan kara. Baƙar kazar ruwa ba ta hawa zangarniya, ba ta kuma yawo a garke. Daga biyu sai iyali ɗaya. In iri ne aka tone bayan shuka, a tuhumi ɓera da kurciya. In tumatir ne aka huda, akwai tsuntsayen bishiya da tsutsa. In shinkafa ce aka tumɓuke ko aka tattake, kamar yadda kan faru a gonakin Bahar Abyad, to a nemi kirinjijiya da dinya, da kuma babbar shuɗiyar nan mai katon baki, don ita kam tana cin ɗanyen kara.

Ba na cewa baƙar ba ta taɓa tsintar ƙwayar hatsi da ta faɗi a gefen Abu Ishirin, ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonaki. Tana yi. Amma ba ta nisa da maɓoyarta, 'yan taku kaɗan ne daga ciyawa, kuma yawancin abin da take ɗauka a gefen gonar ƙwari ne da tsutsa. Wanda ya auna abin da ta ci masa da abin da ta cinye na maƙiyan shukarsa, zai ga ita ke bin sa bashi.

Masu tafkin kiwon kifi su ne ke da 'yar hujja, domin takan ɗauki 'ya'yan kifi a inda ruwa bai da zurfi. Maganin wannan raga ce a kan tafkin ƙananan, ba guba ba.

Tana tashi kuwa? Ban taɓa ganinta a sama ba.

Tana tashi, ba ta dai so. In ka taso ta, sai ta yi ɗan firr ƙasa-ƙasa, ƙafafu na reto, ta faɗa ciyawa mafi kusa. Duk da haka, a wuraren da ruwa ke ƙafewa da rani takan yi ƙaura, ta bayyana a tafkin da damina ta cika, ta ɓace in ya bushe. Irin wannan tafiya dangin nan sun fi yin ta da dare, shi ya sa ba a gani.

Kada raunin tashin ya ruɗe ka. Wata 'yar'uwarsu mai ruwan ƙasa, Crex crex, tana haihuwa a gonakin ciyawar Turai, ta keto Masar da Sudan kowace shekara zuwa kudancin Afirka, ta koma. A ɗaya gefen kuma, waɗanda suka sauka a tsibiran teku inda babu mai cin su, da yawansu sun daina tashi ɗungurungum. Da mutane suka iso da kyanwa da ɓera, sai aka yi ta rasa su. Ta tsibirin Wake ta ƙare ƙaƙaf a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Japan da yunwa ta ci ƙarfinsu suka cinye ta.

Yaya take haihuwa?

Ta fi yi da damina da bayanta kaɗan, lokacin da ciyawa ta yi kauri kuma ƙwari suka yawaita, amma inda ruwa ba ya yankewa tana iya yi a kowane lokaci, har fiye da sau ɗaya a shekara. Sheƙar mai zurfi ce, an saƙa ta da ganyen kacalla da ciyawar ruwa, a ɓoye cikin duhuwa dab da ruwa. Wani lokaci a kan ciyawa mai yawo a ruwa, wani lokaci a cikin kurmi sama da ƙasa, har kusan mita 3. Ƙwai 2 zuwa 6 take yi, farare ko masu ruwan madara da ɗigo-ɗigon ja-ƙasa. Uwa da uba ke karɓa-karɓar kwanci, kwana 13 zuwa 19.

'Yan tsakin suna fitowa da baƙin gashi mai laushi, idonsu a buɗe, kuma cikin kwana 1 zuwa 3 sun bar sheƙa suna bin iyaye. Ba sa iya ciyar da kansu nan take, sai an yi makonni ana sa musu a baki. Suna fara tashi a mako na 5 zuwa na 6.

Abin da ya fi burge ni a rayuwarta shi ne wannan: 'ya'yan haihuwar farko ba sa watsewa da sun girma. Sukan zauna su taya iyaye ciyar da ƙannensu da gadinsu, kamar yadda 'yar fari ke goyon ƙani a gidajenmu uwa na aiki. Shi ya sa za ka ga ayari ɗaya da manya biyu baƙaƙe, da matasa masu ruwan ƙasa a baya da toka-toka a ciki, ƙafafunsu ba su gama ja ba, da kuma 'yan mitsi-mitsi a tsakiya. Duk gida ɗaya ne. Wanda ya harbe babba ɗaya a irin wannan lokaci, ba tsuntsuwa ɗaya ya kashe ba.

An ce mafaɗaciya ce?

Ƙwarai kuwa, musamman in tana da ƙwai ko 'ya'ya. Takan far wa tsuntsayen da suka fi ta girma, kuma an san tana kashe wasu 'yan danginta masu girmanta in suka shigo mata. Ita kuma nata maƙiyan su ne guza, maciji, shaho, zalɓe, tarwaɗa mai haɗiye 'yan tsaki, da kyanwar gida a inda gari ya matso bakin ruwa.

Halal ce? Ana cin ta?

A mazhabar Imamu Malik, wadda yawancinmu ke bi, naman tsuntsaye halal ne, ita ma tana ciki. Sharaɗin dai shi ne yanka. Wadda aka tarar ta mutu a asuta ko ta shaƙe a cikin kalli mushe ce. Haka wadda dutsen danƙo ya kashe kafin a kai mata wuƙa. Wanda ke da wata mas'ala ta daban sai ya je wurin malamin unguwarsu.

Halal daban, daɗi daban. Namanta ɗan kaɗan ne, ga ƙarni, shi ya sa a yawancin Afirka mafarauta ba sa ɓata harsashi a kanta. Yara ne ke kashe ta, galibi don gwada hannu, su yar. Wannan kuwa addini bai yarda da shi ba. Akwai hadisi a Abu Dawuda cewa sahabbai sun ɗauke wa wata 'yar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta.

A cikin gandun Dindir kuwa farauta haramun ce a doka, komai ƙanƙantar abin.

Zan iya kiwonta a gida tare da kaji?

Ban ba ka shawara ba. Ba ta rayuwa da dawa da dusa, tana bukatar ƙwari da laka da wurin ɓuya. A keji takan yi ta dukan waya har ta ji wa kanta ciwo, ta ƙi ci. Ko ta rayu, ba ƙwan kirki, ba nama, ga ta da fasa ƙwan wasu.

Tana ɗauke da cuta?

Kowane tsuntsun ruwa na iya ɗaukar murar tsuntsaye, kuma Sudan ta ga wannan cuta a 2006, lokacin da ta shiga gonakin kaji a Khartum da Jazira. Don haka in ka tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa a bakin ruwa ba dalili, kada a taɓa da hannu, kada a kai gida, kada a bar kaji da agwagin gida su je wurin, a sanar da likitan dabbobi.

Amma haɗarin da ya fi kusa da yaron da ke bin ta ba a jikinta yake ba, a ruwan yake. Tur'o'in Jazira da Managil, manyan filayen noman rani na Sudan, sun yi suna da tsargiya, kuma ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da ita suna zaune ne daidai cikin ciyawar da tsuntsuwar ke kiwo. Wasu na cewa tunda tana cin dodon koɗi, tana rage cutar. Tana ci, amma abin da take ci bai kai ya kare kowa ba. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai magani.

Tana ƙarewa ne? Da muna yara ta fi haka yawa.

A duniya baki ɗaya ba ta cikin haɗari. Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta a sahun waɗanda ba a damu da su ba, kuma tana cikin tsuntsayen da yarjejeniyar AEWA ta kare tsuntsayen ruwa ta ƙunsa, wadda Sudan ta shiga. A wasu wuraren ma aikin ɗan Adam ya amfane ta. Kafin a gama madatsar Sinnar a 1925, filin Jazira ƙasar noman damina ce, ruwa na ɗaukewa sai ƙura. Yau fadan (kowane kusan eka ɗaya) sama da miliyan 2 ne tur'o'i suka ratsa, kowace da ciyawa a gefe.

Amma dattijon da ya ce ta ragu a garinsu ba ƙarya yake ba. Tsuntsuwa ce ta gefe, rayuwarta duk a 'yar siririyar ciyawar nan take, tsakanin ruwa da tudu. Abin da ya taɓa wannan gefen ya taɓa ta, kuma abubuwa da yawa na taɓa shi.

Na farko wuta. Ana cinna wa kacalla wuta don buɗe hanyar jirgi, ko korar jan-baki, ko samun sabon toho ga shanu. In an yi haka lokacin da take kwanci, shekarar ta tafi. Na biyu feshi. An shafe shekaru da dama ana yi wa audugar Jazira feshin maganin ƙwari ta jirgin sama, ragowar kuma tur'a take gangarawa. Feshin jan-baki ya fi muni gare ta, domin jan-baki kan kwana a cikin kacalla da ƙayar bakin ruwa, maganin da ake zuba musu, fentiyon, ba ya tambayar sunan tsuntsu. Sai kuma ɗabi'ar wanke tankin feshi a tur'a, wadda ba tsuntsu kaɗai take cutarwa ba, har mai ɗiban ruwan sha a ƙasa. Na uku dabbobi: inda garke ke sauka sha kullum a wuri ɗaya, gaɓa takan zama fili fetal. A Dindir kuma mayoyi da dama na cikewa da yashi da laka, suna ƙafewa da wuri.

Sai maganar kogin kansa, wanda ya sauya hali a idonmu. An gina madatsar Rusairis a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 aka gama a 2013, ruwa ya haɗiye tsofaffin gaɓoɓi ya yi sababbi. Habasha kuma ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020. Ma'anar wannan ita ce ambaliyar damina na raguwa, ruwan rani na ƙaruwa, laka mai taki da ke saukowa daga tsaunuka na tsayawa a can. Ga tsuntsuwar, abin biyu ne: gaɓar da ruwa ba ya janyewa tana iya yin kacalla mai ɗorewa, wannan ya yi mata, amma kwarurrukan bagaruwa da sai babbar ambaliya ke cika su, in suka daina cika, an rasa su. Manomin jarfi ma a nan tasa damuwar take. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara nasa, domin rashin iskar gas ya tura mutane saran itace da yin gawayi, dazukan bakin kogi na cikin waɗanda suka sha gatari.

To tur'a fa, a bar ta ta toshe saboda tsuntsu?

A'a, ba mai hankalin da zai ce haka. Tur'ar da ciyawa ta cinye ba ta kai ruwa ƙarshen hawasha, ga sauro, ga tsargiya. A yashe ta. Inda ake da zaɓi shi ne a hafiri, da kududdufin bayan gari, da lungun kogi, da magudanar da ba ta shayar da kowa. A irin waɗannan, in za a yanke kacalla don tabarma ko jinka, a yanki gefe ɗaya bana, ɗayan baɗi, kuma a bari sai tsakiyar rani lokacin da 'ya'yan suka tashi. Masunta kuma, gurar da aka bari a gefen ruwa rabinta a waje takan kama ta. In an daina amfani da ita a ɗauke, haka ma yagaggen kalli.

Ɗana ya kawo wani baƙin ɗan tsako daga bakin ruwa. Me zan yi, Baba?

A mayar da shi inda aka ɗauko, yau ɗin nan, kafin rana ta faɗi. A ajiye shi a inuwa gefen ciyawar, a ja da baya sosai. Iyayen ba su yi nisa ba, suna jin kukansa za su fito. Maganar cewa uwa na ƙin ɗan da hannun mutum ya taɓa ba ta da tushe. Kada a ɗura masa ruwa ko madara a baki, shaƙewa zai yi. In yaron na son ganinsu, ki bar shi ya je da wani babba da hantsi ko bayan la'asar, su zauna shiru a tudu nesa da ruwa. Cikin danginta ita ce marar kunya, da rana take kiwo, in ba a motsa ba za ta fito fili da iyalinta duka.

Mu da ke Makka da Jidda, akwai ta a Saudiyya?

Baƙar dai 'yar Afirka ce, ba ta zama a can. Amma danginta na nan. Mai jan goshi da farin layi tana haihuwa a Saudiyya, har a rafin da ruwan birnin Riyad ke bi ta kudu wajen Ha'ir, da tafkin Asfar na Ahsa. A gabas kuma, wajen Jubail, akwai babbar shuɗiya irin ta Asiya, mai toka-tokan kai maimakon koren bayan tamu. Da kaka da bazara wasu ƙananan dangin kan ratsa ƙasar a hanyarsu tsakanin Turai, Asiya da Afirka, har a tsince su a gajiye cikin lambu ko gefen tankin ruwa. Wanda ya tsinci irin wannan a cikin Harami, ko yana cikin ihrami, ya san hukuncin: ba a farautarta, ba a kuma korar ta.